Baƙar Ledar Da Na Manna Wa Fitilar Mashin Ɗina

A shekarun nan da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, ni ɗan acaɓa ne a wani ƙauye da ke gefen Ɗambatta, saurayi mai ji da kansa wanda bai ajiye komai ba sai mashin. Ba zan faɗi sunana ko na garinmu ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. In dai kwalliyar mashin ce, abokan sana'a kansu sun sallama mini. Ina iya wuni ban karya ba, amma ban yarda laka ta kwana a jikin tayata ba. Innarmu takan ce da ana ɗaura aure da ƙarfe, da tuni ta sha biki ta huta. Ni kuwa sai in yi dariya in ci gaba da goge-gogena.

Hanyar garinmu burji ce, kuma tifofin yashi ba sa ɗauke ƙafa a kanta. Da tifa ta wuce ka sai ta watso maka tsakuwa, kafin ka ankara gilashin fitila ya tsage. Ba sau ɗaya ba na canja nawa, ga kayan gyara kullum sai ƙara tsada suke yi, ga fetur ya zama abin da ya zama. Wata ranar kasuwa wani mai sitika ya nuna mini leda mai gam da ake manna wa gilashin, ya ce tana tare tsakuwa. Akwai fara tas wadda haske ke ratsawa, akwai baƙa mai duhu-duhu irin ta gilashin motocin manya. Shi kansa mutumin farar ya miƙo mini, ni na ture hannunsa na ce baƙar nake so. Kai, ranar na sha kallo a tasha! Da dare ya yi kuwa na ga gaskiya: hasken bai wuce tayar gaba da kirki ba. Amma da yake na haddace kowane rami na hanyarmu, sai na ce ai ba komai, na bar ta.

A kakar waccan shekara sata ta yi yawa a gonaki. Mutum ya kwana da geronsa a tsaye, ya wayi gari an yanke zangarniya an bar masa kara. Ɓarayin a kan mashin suke zuwa, kuma sukan ɗaure fitila da baƙar leda ko su shafe ta da laka don kada a hango su daga nesa. Saboda haka garuruwan yankinmu suka haɗa baki, aka yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a. Aka ce daga magariba 'yan sintiri za su riƙa ɗaura igiya a bakin kowane gari, duk mai wucewa ya saki fitilarsa tar, ya rage gudu, ya yi sallama. Wanda aka gani da fitila a rufe kuwa, to kada ya zargi kowa. Wallahi ina zaune a sahu na ji wannan sanarwa da kunnena. Abin da na raya a raina shi ne tawa ai ado ce, kuma wa ye bai san ni ba a wannan hanya?

Ina da yaya guda ɗaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar Babanmu. Manomi ne mai iyali, mutum mai sanyin hali da ko akuya ba ya iya yi wa tsawa. A shekarar ya yi shukar baya, geronsa bai nuna ba, rumbu kuma ya riga ya ƙare. Sai goggonmu da ke aure a wani ƙauye can gaba ta aiko ya je ya karɓi buhun gero ya rage wa yara zafi. Sai bayan la'asar, da na tashi daga aiki, ya zo ya ari mashin ɗina, don ba ya son a ga ƙaninsa ya bar aiki saboda shi. Har ya hau, sai ya leƙa gaban mashin ɗin, ya ɗora yatsa a kan ledar, ya tambaye ni ko wannan abu ba ya rage haske, don shi idonsa ba ya gani sosai da duhu. Na ce masa haba Yaya, in ya kunna sai ya ɗauka rana ce ta fito. Ƙarya na yi, ina sane. Tsoron da nake ji kawai kada ya ce in ɓare ta, ni kuwa ina son abata.

Goggo ba ta sallami yayana da wuri ba, sai da ya yi magariba ya ci tuwo. Ni ina majalisa ana ta raha bayan lisha, sai wayata ta yi ƙara, wani abokin sana'a ya ce in zo maza, an kama ɓarawo da mashin ɗina a garin da ke tsakaninmu da su Goggo. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san yadda aka yi na isa can ba. Daga baya aka ba ni labarin yadda ta kasance. 'Yan sintiri sun hango wani ɗan haske dishi-dishi yana tahowa, ga buhu a baya. Suka ɗaga murya ya tsaya, ƙarar inji ba ta bari ya ji ba, igiyar kuma bai gan ta ba sai da ta ɗauke shi ta ƙirji. Yana faɗuwa aka yi masa ca da gora. Mutane ne da aka yi wa sata har suka gaji, babu wanda ya tsaya tambaya. Sai da wani dattijo ya haska fuskarsa da tocila ya gane shi, ya faɗa kansa yana ihu a bari, wannan ɗan gidan mutunci ne.

Na tarar da shi kwance a ƙofar gidan mai unguwa, jini ya rufe masa fuska, hannun dama ya karye a wurin da ya riƙa kare kansa, gero ya watse a ƙasa. Na haukace, na shaƙi wuyan wani saurayi ina zagi, ina cewa sai na ga bayansu. Mai unguwa bai yi mini faɗa ba. Hannuna ya kama, ya ja ni gaban mashin ɗin, ya kunna fitilar, ya ce in dubi Allah in gaya masa, da ni ne a bakin igiya me zan ɗauki mai wannan. Na sunkuya na dubi fitilar. Gilashin da na yi duk wannan don in kare shi yana nan garau, ko ƙwarzane bai yi ba. A nan na sa farce na ɓare ledar ina kuka, jama'a suna kallona.

Yayana ya daɗe a asibiti. Mutanen garin sun zo sun durƙusa sun ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, ƙaddara ce. Amma ɗorin bai kama yadda ake so ba, jijiya ta taɓu, hannun ya shanye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa gaya wa kowa cewa ya tambaye ni zancen fitilar ba. Innarmu har ta koma ga Allah tana tsine wa waɗanda suka dake shi, ni kuma tana sa mini albarka don ina nome masa gona. Na sha ɗaura niyyar gaya mata gaskiya, in na buɗe baki sai in kasa. Na samu yayana shi kaɗai na roƙe shi gafara, ya ce in bar tayar da zancen, shi bai riƙe ni da komai ba.

Na rubuto wannan ne don 'yan'uwana masu mashin, musamman samari. In za ku kare gilashi ku sa fara, ku gwada ta da duhu kafin ku yarda da ita, kuma in gari ya kafa doka kada wani ya ce shi sananne ne. Fitila ba don kai kaɗai aka yi ta ba, da ita mutanen da ke gabanka suke gane ko kai wane ne. Wanda ya ari abinka ya tambaye ka aibinsa, don Allah gaya masa gaskiya. Ni ban faɗa ba, kuma ban huta ba tun daga ranar. Kullum da safe in na shiga gaishe da yayana, hannun hagu yake miƙo mini, yana cewa in yi haƙuri da hagu.