Albashin Jouko Karppinen

Shekara ashirin da biyu Jouko Karppinen ya yi a wani kamfanin inshora a garin Oulu, yana kula da tsohuwar manhajar da ke biyan mutane fansho. Shi da abokin aikinsa Raimo kaɗai suka san lagonta. Tun da aurensa ya mutu, 'yarsa kuma ta koma garin Tampere, hirarsa ta duniya ba ta wuce ta shan kofi da Raimo ƙarfe biyu na rana.

Da Raimo ya yi ritaya, aka sa Jouko cikin masu tantance wanda zai gaje shi. Wata takwas ana nema. Wani da aka nuna wa manhajar ya kwashe da dariya ya ce, "Kai, wannan ai ta girmi babana!" Waɗanda suka iya kuwa kuɗin da suke yankawa sai ka riƙe baki. Ranar da aka amince da wani, Jouko ya ga takardar: sabon zai fi shi da Yuro dubu ɗaya da ɗari biyar duk wata.

Ya kwana biyu yana juya abin kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar shugabarsu.

"Tuula, ashe wanda bai zo ba ya fi wanda ke nan tsada?"

"Haba Jouko, kasuwa ce ta kai haka. Kai ai ɗan gida ne."

"To ɗan gida ba ya cin burodi?"

Ta yi murmushin yaƙe, ta ce za ta nemo masa ƙarin kashi biyu cikin ɗari.

Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Wani kamfanin Jamus ya daɗe yana zawarcinsa, sai ya amsa musu. Aka yi masa liyafar kek ta minti ashirin, ya miƙa katin shiga, ya hau kekensa.

Albashi ya kusa ninkawa. Aikin kuwa daga teburin kicin ɗinsa ne. Abokan aiki fuskoki ne a allo, minti goma sha biyar kowace safiya, kowa ya faɗi abin da zai yi ya kashe. Akwai makon da ya lura bai buɗe baki da yarensu ba sai ga mai karɓar kuɗi a kanti.

A shekara ta biyu ciwon huhu ya kwantar da shi asibiti kwana tara. Saƙo ɗaya ya samu daga wurin aiki, shi ma na'ura ce ta turo, tana tuna masa bai cike awoyinsa na mako ba. 'Yarsa ta zo ta kwana biyu ta koma, yara na jiranta.

Da ya warware ya nemi a rage masa aiki zuwa kwana huɗu, suka yarda ba tare da sun tambayi dalili ba. Yanzu duk Juma'a yana zama a laburaren unguwa yana koya wa tsofaffi sarrafa waya, kyauta. Wata tsohuwa mai suna Hilkka ba ta fashi.

"Kai da wannan ilimi, ba ka da wurin zuwa ne?" in ji ta.

"Ga shi na zo."

Wata Juma'ar mutum shida, wata ba kowa. Ko ba kowa yakan zauna har ƙarfe huɗu.