Wanda Aka Bar wa Awaki

A gidanmu na Pauwa, idan aka gama shigar da hatsi rumbu, sanyi ya sauko, Kaka takan sa a hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Ni ke hura ta. Ni ke zama a damanta ina tura kara, ina lura kada tartsatsi ya faɗa wa zanenta. Cikin wasan jika da kaka, ni ne “maigida”, kuma ban taɓa zaton kujerar tana da mai nema ba.

Shekarar da nake aji shida, lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, ƙanen mahaifina, Baba Alhaji, ya zo daga Ikko inda yake kwangila. Ya zo da ɗansa Nasiru, tsarana, mai agogo a hannu da takalmi sau-ciki. Daren farko Kaka ta jawo shi ta zaunar a hagunta, ta ce ta yi sabon ango mai ƙanshin sabulu, tsohon kuwa sai warin hayaƙi. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tuwon daren nan bai wuce mini da daɗi ba.

Baba Alhaji ya zo da magana. Zai ɗauki hayar bas ya kwashe gidan gaba ɗaya, daga Kaka har jariran goye, a je a ga teku. Ya ce akwai wani tsibiri da ake shiga jirgin ruwa a je, yashinsa fari, bishiyoyin kwakwa har bakin ruwa. Daga nan hirar bakin wuta ta koma shiri. Mata suna gardamar ko a tafi da dakakken gero, tunda an ce mutanen can ba su san fura ba. Mahaifina yana tambayar inda za a riƙa tsayawa salla. Kaka ta ce ita dai ba za ta hau ruwa ba sai angonta ya riƙe mata hannu. Nasiru kuwa yana ta bayani, wai igiyar ruwa ta fi soron gidan hakimi tsawo.

Ni tun ina ƙarami haka Allah ya yi ni, ba na iya ganin abu a buɗe in yi shiru. An shirya maƙwabcinmu Malam Idi zai duba rumbuna. Amma akwai jar akuyar Kaka, cikinta ya tsufa, kuma ba ta yarda da baƙon hannu. Na yi ta juya abin a raina. Ran nan a gaban kowa na tambaya, idan ta tashi haihuwa ba kowa, wa zai kama mata?

Baba Alhaji ya dube ni, ya ce, “Ka ga yaro mai hankali. Duk gidan nan ba wanda ya tuna sai shi. To ai wanda ya tuna shi ya dace.”

Mahaifina ya gyaɗa kai. Aka ce in riƙa kwana gidan Malam Idi. Shi ke nan, aka koma maganar fura.

A daren Kaka ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, muka ce ta iso mu ji. Wai wasu mutanen gida ne suka ji labarin wani tsibiri inda ’ya’yan itace ke faɗowa da kansu. Suka shiga kwalekwale duka, suka bar ɗa guda ya kula da murhu. Can suka ci suka sha har suka manta ta inda suka zo. Da suka tashi komawa, duhu ya rufe, ruwa ko’ina iri ɗaya. Sai tsohuwarsu ta hango ɗan ja-ja can nesa, wutar da yaron nan bai bari ta mutu ba. Ita suka bi har gida. Kaka ta ce nan ta ƙare, ta shafa kaina.

Na tambaye ta, shi yaron me ya samu? Ta ce an kawo mashi kwakwa. Nasiru ya tuntsire da dariya.

Suka tafi da safe. Na tsaya bakin hanya, na ga Kaka ta taga, Nasiru a gefenta yana nuna mata wani abu a gaba. Akuya ta haihu lafiya, ’ya’ya biyu, da rana tsaka, ina makarantar allo. Ko taimakona ba ta nema ba.

Da suka dawo an kawo mini kwakwar kuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar bayan nan. Duk tatsuniyar da ruwa ya shigo cikinta, sai ƙannena su ce, “Kamar wanda muka gani ko, Kaka?” Ta ce kamar shi. Ni ina tura kara.

Na girma, na yi iyali, ban bar Pauwa ba. Har yau in za a tafi biki Faskari ko Sabuwa, ni ake miƙa wa makulli, kuma ina karɓa, don na san in na bi su hankalina na gida. Tatsuniyar nan na daɗe ina jingina da ita. Ina gaya wa kaina mai tsaron wuta shi ne babba a labarin.

A ciwon Kaka na ƙarshe ina zaune kusa da ita, na tambaye ta tsibirin nan. So nake ta ce ba wani abu ba ne, wahalar hanya ce kawai. Ta ce, “Maigida, ba ni yi maka ƙarya. Wurin da kyau. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar shi ba. Na so a ce kana nan.”

Na fita na zauna tsakar gida, ina da ’ya’ya uku a lokacin, ina jin haushin Nasiru kamar jiya aka tafi. Daga baya na gane tatsuniyar lallashi ce aka yi wa yaro, ranar nan kuwa ta ɗauke ni babba, ta faɗa mini abin da na rasa ba ragi. Na fi riƙe wannan. Tekun dai har yanzu ban gan shi ba.