Halimatou, wadda ta shiga motar soja

Kowace safiya, kafin ta zo biro, wato ofishinmu, a Gaweye, Madam Halimatou sai ta haye gada zuwa mangaza, ma'ajiyar hatsi ta Harobanda, ta duba takardar da tsohon injin can ya buga. Muna yi mata tsiya cewa ba ta yarda da ordinata, kwamfutar da ita kanta ta horar ba. Wannan watan take ajiye aiki.

Aikinta ba mai farin jini ba ne. Sababbin na'urorinmu suna ba kowane harafi gurbi biyu, tsoffin injinan mangaza gurbi ɗaya suka sani. Ita ke kula da manhajar da ke matse mai faɗin ya shiga ƙaramin gurbi.

Shekarar 2010, daminar da ta gabata ta ƙi, soja na kan mulki. Muka aika umarnin raba hatsi ga ƙauyuka. Manhajar da muka gada ta ci karo da harafin da ba ta da gurbinsa, ta tsaya nan shiru, rabin umarnin bai fito ba. Adamu mai tsaron mangaza ya raba abin da ya gani a rubuce. Sauran buhunan da aka tarar, aka ce ɓoyewa ya yi, aka tafi da shi.

Sai ga wani kapitan na soja ya shigo biro. Ya ce, "Kun aika umarnin cikakke?"

Muka ce e, don a allonmu cikakke ne. Mun san wannan e ɗin za ta iya gamawa da Adamu.

Halimatou ta miƙe. "Mon kapitan, a hanya yake yankewa. Mu je, a sake aikawa a gabanka."

"In ya fito daidai fa, Madam?"

"Sai ka haɗa da ni."

Halimatou, ke ce kika shiga motar sojan nan, alhali ba wanda ya san inda take sauke mutum. Mu muka tsaya a taga kamar kaji. A mangaza takarda ta fito a yanke, daidai inda ta farko ta yanke, aka saki Adamu. Kika gyara manhajar, ta daina yin shiru in ta kasa.

Mun gode, 'yar halak. Matasan da za su gaje ki, ku koyi buɗe baki ko da tsoro ya cika ciki.

Adamu har yau ya ɗauka sa'a ce ta fito da shi, don kin hana a faɗa. Malam Adamu, in wannan rubutu ya iso gare ka, wadda ta fito da kai a Zongo take, gidan da ke bayan masu gyaran rediyo.