Mahaifina Bai Taɓa Kiran Sunana Ba

Mutanen Gaya sun fi ni sanin mahaifina, ko kuma haka suke ji. Har yau idan tsofaffi suka zauna a bakin kogi suna gyaran taru, sai ka ji ana cewa yana rikiɗa ya zama kada, harsashi ba ya huda shi, wai har ya taɓa tsallake kogin Kwara a kan buzun salla. Ina jin su, ba na tanka musu. Mutumin da na sani yana fama da ciwon haƙori, yana son shinkafa da miyar busasshen kifi, kuma yarinya ƙarama tana iya sa shi ya rasa inda zai sa idonsa. Ni ce yarinyar.

Mu mutanen zango ne. Kakana ya zo daga Kabi da fataucin gishiri, ya ga ruwa ya ga kifi, ya ƙi komawa. A cikin gida Hausa muke yi, da mun fita ƙofa sai Dendanci. Mahaifina ya tashi cikin masunta, ya iya tuƙa kwalekwale tun yana yawo da bante.

Ina goye a baya Nasara suka gama zama a garin. Suka raba ƙasa yadda ake raba waina: wannan gaɓa ta kumandan ɗinmu, tsallaken ruwa ta wani kumandan na Dahome, gabas kuma wajen Kamba ta Ingilishi. Da farko dariya aka yi, don akwai wanda gidansa ke ƙasa ɗaya, gonarsa na wata. Dariyar ta ƙare da aka fara kama samari ɗaukar kaya zuwa Doso. A irin wannan tafiya ce wani tsoho ya faɗi da kaya a ka, gardi, wato dogarin Nasara, ya hau shi da bulala. Mahaifina ya sauke nasa kayan a hankali, ya karɓe bulalar, ya yi wa gardin dukan da bai sake tashi ba. Daga nan ya shiga daji. Mahaifiyata ta jira iya jira, danginta suka zo suka tafi da ita Tunuga, ta yi wani aure. Ni aka bar ni wurin kakata, uwar mahaifina.

Rabon ƙasar nan shi ya zame masa gata. Idan ya tare ayari a nan, sai ya tsallaka ruwa. Idan na can suka taso masa, sai ya faɗa ƙasar Ingilishi, gardawa su zo iyaka su tsaya suna cizon yatsa. Ya sha tare hatsin lanho, harajin Nasara ke nan, ya sha kwance mutanen da aka ɗaure da igiya za a kai su aikin dole. Wannan shi masu waƙa suka riƙe. Abin da suke mantawa shi ne ya kore shanun Fulanin da ba su yi masa komai ba, ya kuma ƙwace gishirin talakawa irin ubansa. Na taɓa ganin wata mata ta tofar da yawu a ƙofar gidanmu, kuma ban ga laifinta ba. Ba waliyyi ba ne, ubana ne kawai, ni kuma ina son shi kamar raina.

Ga inda gizo yake saƙa a gidanmu. Shi ɗan fari ne wurin kakata, ni kuma 'yar fari ce wurinsa. A lokacinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi ko da wuta yake ci. Uba ma haka. To, sai ga mu mu uku a tsakar gida ɗaya: ita ba ta yi masa magana, shi ba ya yi mini.

Ranar kasuwa yake zuwa, da tsakar rana, sa'ad da gardawa suka ci suka ƙoshi suka miƙe a gindin tsamiya. Yakan shigo cikin masunta da malafa a ka da kwandon kifi, ƙafafunsa duk laka. Da ya yi sallama sai kakata ta juya wa ƙofa baya, ta kama tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

"Ke uwar surutu," za ta ce da ni, "ki hwaɗa ma baƙon ga akwai ruwa cikin randa, in shina so."

Shi kuma yana tsugune nesa kaɗan, kansa a ƙasa, sai ya ce, "Inna, a ce ma yarinyar ga na gode."

Ni ina tsaye tsakaninsu, taku biyu daga gare shi, da ƙwaryar ruwa a hannu. Kowa ya ji kowa, amma sai na maimaita. Idan abin ya yi tsawo kakata takan koma kan akuyarmu. Sai ta dube ta ta ce wasu mutane sun rame, ko ba a cin abinci a inda suke ne, oho. Shi kuma ya ba akuya amsa cewa ana ci, haƙori ne ya hana tauna. Akuyar nan ta ji sirrin da kumandan zai ba da doki a kansa. Ina tuna waɗannan ranaku da ƙanshin daddawa da hayaƙin kara, da sanyin da ke tasowa daga kogi idan ruwa ya cika, kuma har yanzu ban sake zama a wuri mai daɗin wannan tsakar gida ba.

Amma abu ɗaya yana cina. Ina so ya dube ni, ya kira sunana, ko sau ɗaya. 'Ya'yan maƙwabta ubanninsu na yi musu tsawa, suna aikensu, har da ranƙwashi a ka, ni kuwa har ranƙwashin nake sha'awa. Duk garin ana kiran sunan ubana da tsoro, ni ban ma tabbata ya san nawa ba.

Na yi dabaru iri-iri. Na ɓoye masa takalmi a cikin rumbu, ina jiran ya tambaye ni. Ya duba nan ya duba can, ya ce da bango, "Ashe gidan ga akwai ɓeraye masu sa takalmi," ya tafi ba takalmi. Na zuba masa barkono a miya har ni mai zubawa sai da na yi atishawa. Ya cinye tas, hawaye na zuba, ya ce a gaya wa mai miya hannunta ya yi kyau. Wata rana na yi ta maza, na je na tsaya ƙiƙam a gabansa, na sa fuskata daidai tasa. Mutumin da gardawan ƙasa uku ke gudu, sai ga shi yana kallon kaza, yana kallon turmi, yana sosa ƙeya. Kakata ta jefe ni da mara.

Da ya tafi na fashe da kuka, na ce da ita ubana ba ya so na. Mu da kaka akwai wasa, ina faɗa mata abin da na ga dama, don haka na ƙara da cewa ita ma ba ta son ɗanta, muguwar tsohuwa.

"Rufe mini baki, marar kunya," in ji ta. "Mi kika sani? Kin taɓa ganin na dafa shinkafa ranar da ba kasuwa ba?"

Ban gane ba a lokacin. Na ɗauka rowa take faɗa mini, na ce ai dama kowa ya san ta da ita.

Shekarar da na fara ɗaukar tulu babba, abubuwa suka canja. Kumandojin suka gaji da zama abin dariya, suka haɗa baki, har Ingilishi suka yarda su tare nasu gefen. Kasuwa ta ci, ta sake ci, bai zo ba. Kakata tana dafa shinkafarta, mu ci, ta rufe saura da faifai har ta lalace. Ba ta tambayi kowa ba. Ni ce nake bin masunta ina tambaya, suna kawar da kai. Daga baya muka ji an harbe shi a cinya wajen iyaka, ya ja jiki ya ɓuya a wata bukkar masunta a tsibiri, raunin ya rube, zazzaɓi ya kwantar da shi. A kwance suka same shi, babu kada, babu buzu.

Aka tsare shi a kaso, wato kurkukun bariki, aka yi shela cewa za a tafi da shi babban bariki ta jirgin ruwa, kowa ya fito ya gani. Kowa kuma ya san wanda aka yi sama da shi ta kogi a ɗaure ba ya dawowa.

Ranar tafiyar, da hantsi, garin duka ya sauka bakin ruwa. Na ɗauka kakata ba za ta je ba, sai na ga ta ɗauki tulu, wai ruwa ya ƙare, alhali randunanmu cike suke. Da muka isa ta tsaya can gefe, ta ba jirgin baya, ta shiga wanke tulun da ba shi da datti.

Aka fito da shi yana jan ƙafa, hannuwa a ɗaure ta baya. Ya rame har na kusa rasa gane shi. Wasu na salati, wasu na Allah ya ƙara, ya wuce ta tsakiyarsu bai dubi kowa ba. Na kutsa har gaba, na tsaya inda dole ya gan ni. Ya zo daf da ni, har na ji warin raunin, ya kawar da kai ya dubi kogi. A ranar ma! Na ji na tsane shi, na tsani kunyar, na tsani duk wanda ya ƙirƙiro ta.

Suka zaunar da shi a tsakiyar jirgi, fuskarsa na kallon gaba, bayansa na wajenmu. Matuƙa suka sa gora suka tura. Na ga tazara tana buɗewa tsakanin jirgi da gaɓa, na san idan ta ƙara faɗi shi ke nan. Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Baba! Baba, ni ce!"

Bai juyo ba. Na ga dai kafaɗunsa sun motsa. Sai ya ɗaga murya, irin muryar da ake kiran jirgi da ita daga tsallake, ya yi wa matuƙin da ke gabansa magana.

"Malam, a hwaɗa ma yarinyar ga ta koma baya. Wurin da take akwai rami, taku ɗaya ya rage. Kuma ba ta iya ruwa ba, tsoro ya hana ta koyo."

Na dubi ƙasa. Ruwa ya kai mini cinya, zanena ya jiƙe, gabana kuma ruwan ya yi baƙi saboda zurfi. Ban san na shiga ba. Bai waiwayo ko sau ɗaya ba, amma ya san inda ƙafata take. Kuma ban taɓa faɗa wa kowa ina tsoron ruwa ba, ko kakata, don kunya ce a ce ɗiyar mai kwalekwale tana tsoronsa.

Hannu ya damƙe ni ta baya ya fisgo ni. Kakata ce, ta shigo ruwan da zanenta, tulun ya tafi abinsa. Ta riƙe ni gam, ta ɗaga kai ta dubi bayan ɗanta, kai tsaye, a gaban duk mutanen Gaya.

"Ta ji," ta ce da ƙarfi. "Na riƙe ta. Tahi, ɗana."

Muna tsaye cikin ruwa har jirgin ya sha kwana.