Ranar da Muka Ɗaga Zomo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina zaune a garejina ina shan shayinmu na mate, Nélida ta bugo waya ta ce mijinta, Anselmo Barrionuevo, ya cika. Zuciyarsa ce ta tsaya yana kishingiɗe bayan abincin rana. Duk garinmu Tucumán da Zomo aka san shi. Ya riga mu gidan gaskiya, kamar yadda ya saba riga mu isa ko'ina.

Zomo, jaridu sun faɗi nasu: fitaccen ɗan gefe a wasan zari-ruga, wanda ya daɗe sanye da rigar ƙasa, ya kuma yi shekaru yana bugawa a Faransa. Ni da na ƙare ƙuruciyata cikin ƙattin gaba na kulob ɗinmu, bari in faɗi nawa. Mu takwas ne ke dunƙulewa cikin taɓo muna turereniya, a murɗe mana kunne, a fasa mana hanci, har mu ƙwato ƙwallo. Kai kuwa kana can bakin layi kana gyara gashi, kana tambayar 'yan kallo lafiyar iyali. Sai a miƙo maka, ka zura, ka dire ta bayan layi, washegari hotonka ne a jarida. Mahaifiyarka ta sha yin alfahari cewa rigarka ba ta cin sabulu.

Amma gudu kam, Allah ya ba ka. Ranar da ka fara sa rigar ƙasa muna kallo a talabijin ɗin kulob, ka bar ƙatti uku suna rungumar iska. Na yi hawaye, na ce wa mutane hayaƙin gashin nama ne.

Da ka dawo daga Turai ba ka canja ba, sai dai turare. Lokacin da aka yi mini aiki a gwiwa, kullum kai ke buɗe mini gareji, alhali ba ka san inda ake zuba wa mota mai ba. Masu motoci suna zuwa su sha labari su tafi da motocinsu yadda suka kawo su. Ban taɓa samun ma'aikaci marar amfani kamarka ba, kuma ban manta da wannan alheri ba.

Abu ɗaya ka nema a wurinmu ba ka samu ba. Idan ƙwallo ta fita daga fili, akan jera sahu biyu a jefo ta sama, ni da Evaristo Paz mu kama wanda ya fi tsawo a cikinmu mu ɗaga shi ya cafe. Aikin 'yan gaba ne, babu ruwan ɗan gefe. Kai kuma ka ƙwallafa rai.

"Ƙato, sau ɗaya tak," kake ce mini. "In ga abin da dogayen nan ke gani a can sama."

"Koma gefe, kada iska ta ɓata maka gashi."

Muna da hujja. Dokar wasa ta ce wanda ka ɗaga, kai za ka sauke shi lafiya har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kai kuwa mutsu-mutsu ne da kai kamar kifi. Ka roƙe mu a wurin atisaye, ka roƙe mu a walimar bayan wasa, har ranar aurenka ka roƙe mu, muka ƙi. Da ka bar wasa sai ka ɗaura yaƙi da gasasshen nama da empanada, fankenmu mai cushen nama, har ka fi ni faɗi. Ka zo kana shafa tumbi wai yanzu ka cancanci shiga cikin 'yan gaba. Evaristo ya ce yanzu kam sai dai a nemo motar ɗaukar kaya.

Ranar Laraba muka raka ka maƙabarta, inda ake zura akwatin gawa a gurbi cikin bango mai hawa-hawa maimakon a tona ƙasa. Duk mai hankali idan zai tanadi gurbinsa a bangon kaburbura, na ƙasa yake zaɓa, don matarsa ta iya ajiye fure ba tare da tsani ba. Da muka isa, mai kula da wurin ya nuna mana gurbinka, can a hawa na huɗu. Ya turo injin ɗaga akwati, sai Nélida ta tare shi.

"Bawan Allah, mayar da injinka. Mijina ya ce waɗannan ne za su ɗaga shi." Ta juyo gare mu. "Tun da ya zaɓi gurbin nan, duk sanda muka wuce ta nan sai ya yi ta dariya shi kaɗai."

Evaristo ya ɗaga kai ya dubi gurbin, ya dubi akwatin, ya ce a gaban Fada, limamin coci, "Kai, ɗan banza! Ya ci mu."

Na ji tsoro, Zomo. Tsofaffi ne mu, wani gwiwar ƙarfe, wani ƙugun roba, ga matarka da 'ya'yanka suna kallo. In ka suɓuce mana, ina za mu sa kanmu a garin nan? Samarin kulob suka matso za su taimaka, na kore su. Muka tuɓe kwat, muka tofa yawu a hannu, Evaristo ya kira tsohuwar lambarmu ta ɗagawa. Gwiwoyi suka yi ƙara. Akwatin ya karkace, na rantse na ji kana mutsu-mutsu a ciki. Wandon Evaristo ya yage tun daga baya har gaba. Muka yi nishi guda, muka kai ka baki, dogayenmu suka tura ka ciki. Maƙabarta ta ɗauki tafi, Nélida tana dariya tana share hawaye.

Ni kuwa ina nan tsaye, hannuwana a sama, ina jiran nauyinka ya dawo kamar yadda jikina ya saba. Sai da Evaristo ya dafa ni ya ce, "Ƙato, sauke hannu. Wannan ba zai sauko ba." A nan ne kuka ya ƙwace mini, kuma babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nélida, da 'ya'yanku Milagros da Candela, da duk 'yan kulob, manya da yara. Allah ya ba su haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, har da wandon Evaristo. Kowa muka ɗaga a rayuwarmu mun sauke shi lafiya, kai kaɗai muka ɗaga muka bari a can. Allah ya karɓe ka daga hannunmu, ya riƙe ka da kyau.