Kaskon Mahaifiyata da Robar Oksijin

Shekarun baya, lokacin muna gidan haya a Sabonjida, aka sallamo 'yata daga asibiti tare da injin oksijin, saboda ciwon zuciyar da aka haife ta da shi. Shekararta biyu. Siririyar roba ce ta taso daga injin zuwa hancinta, in aka cire ta na ɗan lokaci sai leɓɓanta su yi shuɗi. Nas ɗin da ta koya mana aiki da shi ta ja min kunne sosai: kada wuta ta kusanci robar nan, ko ta ashana ce, don fuskar yarinya ce za ta fara kamawa.

Ni kuwa na zama 'yar sandar gidan. Maƙwabciya ta matsar da kurfotinta na girki da gawayi, mijina ya daina kunna maganin sauro. Mutum ɗaya na kasa faɗa wa, mahaifiyata, da ta zo daga Kukuo taya ni jinya. Ina ni ina kafa wa wadda ta haife ni doka? Kullum sai in ce gobe.

Wata Asabar da hantsi ina wanki a bakin famfo, sai na ji ƙamshin hayaƙin habbatussauda. Ban san lokacin da na tsallake bokiti ba.

Na sami mahaifiyata a ɗaki a kan tabarma, jikarta a cinya, kasko cike da garwashi a gabanta, tana fifita hayaƙin zuwa fuskar yarinyar. Robar tana reto a bakin kaskon.

"Mma! Wuta!"

"Wane wuta?" in ji ta. "Yaro na tari tun safe, in zauna ina kallo? Da wannan ne na raine ku duka."

Na sunkuci kaskon da hannu biyu na wurga tsakar gida. 'Yata ta sarƙe da tari, idanunta sun firfito, leɓɓanta suna canja launi. Na bankaɗe taga, na rungume ta ina ta salati. Ban taɓa jin tsoro irin na mintocin nan ba. Sai da numfashinta ya daidaita na ji tafin hannuna yana raɗaɗi.

"Yau ni kika yi wa tsawa a gaban mutanen gida," in ji Mma. Na durƙusa na ba ta haƙuri, sannan na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun ranar da ta sauka.

Da la'asar ina goge robar na ga inda ta fara narkewa. Na zauna ina kallon wurin.

'Yar nan yanzu tana makaranta, an yi mata aiki, alhamdulillahi. Amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin kunyata ce ta kusa ƙona ta. Mma kuwa har ta rasu ban nuna mata robar ba. Na gwammace ta tafi tana ganin na yi mata rashin kunya da ta san abin da ya kusa faruwa a cinyarta.