Ƙarfen da Na Rataya a Ɗorawa

Sana'ata walda ce. Shagona yana Kudenda, a layin da ke bayan masana'antu, a Makera kuma nake kwana. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, don haka duk abin da zan faɗa game da sauti, kunnena ne ya koya mini. Tun da wuri kuma in faɗi halina, don a gane abin da ya biyo baya: ina da gaggawa, kuma ba na son tambaya. Idan abu ya yi wa hannuna daɗi, sai in ɗauka ya yi wa kowa.

Wata Malama ce daga Barnawa ta jawo ni cikin wannan harka. Ƙofar gidanta ta kawo gyara, ta tarar an ɗauke wuta, ni kuma ina zaune ina ƙwanƙwasa guntayen ƙarfe da na jera a kan tsohuwar taya. Na daɗe da wannan ɗabi'a. Kowane ƙarfe da muryarsa, kuma ina son in ji yadda ƙarar take mutuwa a hankali bayan an buga.

"Oga mai walda, kiɗa kake yi?"

"Wane kiɗa, Malama? Wuta nake jira a kawo."

"Sake buga wancan na ƙarshe."

Na sake. Ta sunkuya har mayafinta yana taɓa baƙin mai, ta kasa kunne sai da ƙarar ta ƙare ƙaf. Sannan ta ba ni labari. Suna da gonar gado a wani ƙauye gaba da Kamazou. Duk shekara idan damina ta ja baya, tana tara masu aikin hannu, masu zane da masu sassaƙa da irinsu, su zauna can 'yan makonni, ci da kwana duk nata. Kowa ya ƙirƙiri wani abu a fili, cikin gona, a ƙarshe a gayyato mutane su gani. Ita nata aikin ɗaukar sauti ne. Ta ce ba waƙa take so in yi ba, ba kiɗan rawa ba, sautin da kunne bai saba da shi ba take nema. Na ce to mene ne amfaninsa? Ta ce abin da za mu je mu gano ke nan.

Da na gaya wa matata, cewa ta yi, "Mutane suna baro ƙauye saboda 'yan bindiga, kai kana tafiya buga ƙarfe." Amma ta haɗa mini kaya. Ta san tun da nake, ban taɓa ƙera wani abu don kaina ba. Kullum ƙofar wani ce, ko tagar wani, ko gadon wani.

A bayan motar Malama na loda kayana: sifirin ɗin mota, tukunyar gas da na yanke gindinta, da babban cikinsu, ƙarfen tayar tirela wanda na daɗe ina ɓoyewa daga masu sayen gwangwan. Gonar tana gangare, dawa ta yi kai, akwai rafi a ƙasa da wata ɗorawa a bakinsa. Kwanakin farko ban taɓa komai ba, Malama nake bi. Tana da wani ɗan abin ɗaukar sauti kamar kwabo, wanda ake mannawa a jikin abu. Ta manna shi a wani ruɓaɓɓen kututture, ta sa mini abin ji a kunne. Wallahi sai na ji kamar ana soya gyaɗa a cikin kaina. Ta ce gara ce take cin itacen. Muka manna a karan dawa, na ji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa duk sanda iska ta kaɗa. Muka zura wani a rafi. Ashe ƙarƙashin ruwa ba shiru ba ne, ƙananan ƙwari suna ta tsuwa a ciki. Na ce a raina, ashe duk shekarun nan rabin duniya nake ji.

Sai zumuɗi ya kama ni in nuna nawa. Wata rana da hantsi, mutane duk suna gonaki, na jefa igiya a reshen ɗorawar, na ja ƙarfen tirelar sama har ya kai ƙirjina. Na buga da guduma sau ɗaya. A shago bango yana tare ƙara, nan kuwa ba abin da ya tare ta. Ta tafi har gindin dutsen da ke hayin rafi, ta dawo mini. Daɗi ya kwashe ni. Na shiga bugu da sauri, ba tsayawa, don in ji yadda mai tafiya da mai dawowa za su yi karo a hanya.

Da na tsaya, abin da na fara ji ihun mata ne. Sai kukan yara, sai babura suna tashi. Na ga dawa tana motsi ta ko'ina, mutane suna kutsawa cikinta a guje. Can sai ga maza sun ɓullo ta gangaren da adduna da gora, wani da bindigar toka. Suka tarar da ni tsaye da guduma a hannu, ƙarfe yana lilo.

A wannan ƙauye akwai irin wannan ƙarfe rataye a ƙofar gidan mai unguwa. Idan an buga shi a hankali, taro ake kira ko an yi rasuwa. Idan an buga da sauri ba tsayawa, 'yan bindiga sun shigo, kowa ya yi ta kansa. Ranar da muka iso na gan shi da idona. Har na tsaya na yaba kaurinsa, na wuce ban tambayi na mene ne ba.

Mai unguwar dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Malam, a garinku idan mutum ya ga masallaci a buɗe, sai ya shiga ya kira salla don ya gwada muryarsa?"

"A'a, Baba."

"To mu wannan ne kiranmu. Yau ka buga, mun gudu, ba komai. Gobe idan na gaskiya ya zo, wani zai tsaya ya ce baƙin Malama ne suke wasa. Ka sauke shi."

Malama ta ba da haƙuri har ta gaji. Na sauke ƙarfen, na jingine shi a gindin ɗorawar. Ranar gayyatar mutane tana matsowa, kowa aikinsa yana tafiya, nawa kuma yana kwance a ƙasa da umarnin kada a taɓa.

Da la'asar na ji cewa akwai wadda ta ji rauni. Wata tsohuwa ce da ke kawo mana kunun zaƙi kowace safiya, muna ce mata Mama. An taɓa ɗauke mata ɗa daga gona. Ya dawo da ransa, amma tun daga lokacin, in ta ji ƙarfe ƙafarta ba ta jiran shawara. Ta faɗa kwari a guje, gwiwarta ta goce. Na sayi burodi da suga da man zafi na tafi gidanta. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, an ɗaure ƙafar da tsumma, Baba yana zaune a kan turmi ya zo dubiya.

"Kai ne ɗan bindigar?" in ji ta.

"Ni ne, Mama. Ki yafe mini."

"Ina bindigar?"

"Guduma ce."

"Yesu! Duk gudun nan da na yi, da shekaruna, saboda guduma? Na bar masarata a hanya, awaki sun yi biki." Ta karɓi burodin ta matsa shi ta ji laushinsa. "To zauna, ɗana. Me kake nema a jikin ƙarfen? Mun ji 'yar nan tana sauraron gara, mun ce Allah Ya ba ta lafiya. Kai kuma fa?"

Ban taɓa bayyana wa kowa ba, sai na yi ta lalube. Na ce ba bugun nake so ba. Abin da yake biyo bayan bugun nake so, wannan gunjin da yake ja yana siririncewa, kamar jela.

"To ka yanke kan ka bar jelar mana. Kan ne ya karya ni."

Da wasa ta faɗa, Baba ma ya yi dariya. Na ga fuska, sai na roƙe shi ya bar ni in gwada. Ya dubi ƙafarta, sannan ya ce ba shi zai yanke ba. In na shirya, Mama za ta zauna a nan inda take. In ta ji abin da ya tayar mata da hankali ko kaɗan, ƙarfe ya koma Kudenda a ranar.

Na koma bakin rafi da tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: yaya ake sa ƙarfe ya yi magana ba a buge shi ba? Na fara da naɗe gudumar da tsumma. Ƙarar ta ragu, amma bugu bugu ne, ko a hankali aka yi. Na tsoma rabin ƙarfen a ruwa na ƙwanƙwasa da yatsa, muryar ta faɗi ƙasa tana rawa kamar mai magana da ruwa a baki. Abin ya ba ni sha'awa har na ɓata yini guda a kai, ina ɗagawa ina nutsarwa, amma bai kai ni ko'ina ba. Na rataya ƙwarya mai huji a sama tana ɗiga masa ruwa. Malama ta ce ya yi kyau. Ni kuwa ji na yi kamar rufin ɗakina da damina. Na zuba masa ƙwayar dawa, kaji suka taru.

Da gangan ban samo shi ba. Ina jan ƙarfen ne in matsar da shi, sai gefensa ya gogi igiyar da na ɗaure tamau a reshe, na ji wani siririn kuka ya fito ya ɓace. Na tsaya. Na tuna masu goge ba bugu suke yi ba, gogawa suke yi. Na tanƙwara ɗanyen reshe na yi baka, na ɗaura masa zaren da ake ɗinka buhu, na shafe shi da ƙaro. Na ja a bakin ƙarfen. Da farko ƙara ya yi mai sa haƙori tsami. Na rage nauyin hannu, na rage sauri, abin da bai taɓa zama halina ba. Can sai gunjin ya taso daga babu, ba farko, ba kai, ya cika gindin bishiyar. Na ji shi a ƙirji kafin in ji shi a kunne. In na matsa bakan gaba kaɗan sai wata murya ta hau kan ta farko, su biyu suna kokawa a hankali. Malama ta zo a guje da kayanta. Da ta manna abin nata, ta ce muryoyin sun fi biyu, akwai wasu can sama da kunne ba ya kamawa sai da na'ura. Har yau ban san daga ina suke fitowa ba, ƙarfe ɗaya ne.

Na aika wa Baba cewa na shirya. Ya zo da kansa ya tsaya a kaina, ya tura Malama ta zauna da Mama. Na rataya ƙarfen, na yi bisimilla, na ja baka. Sautin ya ƙi fitowa, sai ƙugi. Baba ya ce, "Ba kora ake yi ba, Malam." Na sauke numfashi na sake. Ya taso. Na riƙe shi iya ƙarfina, na kai shi har inda ba ya iya wucewa, don kada a ce na ɓoye wani abu. Ina ja ina kallon hanyar gari. Wata mata ta wuce da itace a kafaɗa, yadda matan wurin suke ɗauka, ta waiwayo, ta ci gaba da tafiyarta.

Can sai ga babur yana gangarowa a hankali, Mama a baya ta miƙe ƙafa ɗaya, Malama tana biye a ƙasa. Na ɗauka ƙorafi ta kawo. Na ajiye bakan.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Mama. "Ina zaune ina jira a fara, 'yar nan ta ce ai an daɗe da farawa. Ni na ɗauka jirgi ne yake wucewa can nesa. A sauke ni."

Aka zaunar da ita a kan saiwar ɗorawar. Na ja mata. Ta saurara da baki a buɗe, sannan ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a jikin ƙarfen. Nan take ya yi shiru. Ta janye, na sake ja, ta sake ɗorawa, ya sake mutuwa. Ta kwashe da dariya.

"Baba, ka ga wannan yana jin magana. A bar masa abinsa." Ta juyo gare ni. "Kawo sandar nan in gwada."

Na miƙa mata. Ta ja da ƙarfi kamar mai yankan itace, ƙarfen ya yi wani ƙugi da ya sa Baba toshe kunne. Na durƙusa kusa da ita na riƙe mata gwiwar hannu, muka sake ja tare, a hankali.